Kun Tambaya, Mun Amsa: Birki da Ruwan Sama a Babbar Hanya

Tun da damina ta kankama, yawancin wasiƙun da ke shigo wa wannan fili daga Kaduna da kewaye kukansu ɗaya: mota tana tsayawa lafiya lau idan gari a bushe yake, amma da an fara ruwa a hanyar Zariya ko ta Abuja sai birki ya koma kamar na aro. Matsaloli ne daban-daban da ke kama da juna a ƙafar direba, kuma kowacce da maganinta. Mun zaɓi wasiƙu shida.

Tambaya daga wani Alhaji a Unguwar Rimi: Assalamu alaikum. Ina yawan bin hanyar Zariya. Idan ana ruwa ina kan 100 ko 110, na daɗe ban taɓa birki ba, sai in taka in ji feda da taurinta amma motar ba ta rage gudu ba, sai bayan ɗan lokaci ta cafke gaba ɗaya. Wata biyu ke nan da canza fad. Bakanikena ya ce masta ce. In saya?

Amsa: Wa alaikumus salam. Alhaji, riƙe kuɗinka tukuna. Masta, wato famfon da ke tura man birki zuwa tayoyi idan an taka feda, ba ta san damina ba, ba ta san rani ba. Idan ta lalace, ko a watan Maris za ta nuna. Gwada ta a ƙofar gida: kunna mota, ɗora ƙafa a kan birki da matsakaicin ƙarfi, ka riƙe na sakan talatin. Idan feda tana nutsewa a hankali zuwa ƙasa, to robobin cikin masta suna barin mai ya koma baya, bakanikenka ya yi gaskiya. Idan ta tsaya cak inda ka ajiye ta, ba ruwan masta.

Abin da ka kwatanta ya fi kama da jiƙaƙƙen diski. Birkin gaba faifan ƙarfe ne a buɗe, fad biyu suna matse shi ta kowane gefe. A gudun kilomita 100 a awa, tayar ƙaramar mota tana juyawa kusan sau 14 a kowane sakan, tana watsa ruwa a cikin mazauninta, ga kuma feshin tirelar da ke gabanka. Idan ka yi tafiyar minti goma ko ashirin, a ce daga Rigachikun zuwa Jaji, ba ka taɓa birki ba, faifan ya huce sarai, ruwa ya kwanta a kansa haɗe da ƙurar hanya da maiƙo. Da ka taka, fad ba ƙarfe ya fara tarar ba, ruwa ya tarar. Sai ya share wannan ruwan tukuna kafin ya ciji faifan, shi ne cafkar da kake ji daga baya. Jinkirin bai cika wuce rabin sakan zuwa sakan guda ba, amma a wannan gudun sakan guda mita 28 ne. A cikin gari ba ka jin haka saboda tsakanin Kawo da Kasuwa ana taka birki kowane minti, faifan yana da ɗumi, ruwa ba ya samun zama.

Maganin farko a ƙafarka yake. Duk bayan 'yan kilomitoci, ka duba madubi, idan babu wanda ya manne maka a baya, ka ɗan ɗora ƙafa a kan birki sakan biyu ko uku, taɓawar da fasinja ba zai ma ji ba. Ka yi haka kuma tun daga nesa idan ka hango shingen bincike, ko kwana, ko garin da ke bakin titi kamar Maraban Jos. Wasu motocin Jamus irin su Mercedes da BMW suna yin wannan da kansu: da an kunna waifa, kwamfutar motar takan ɗan matso da fad jikin faifai lokaci-lokaci ba tare da direba ya sani ba. Wanda motarsa ba ta da wannan sai ya zama shi ne kwamfutar.

Na biyu, a cire tayoyin gaba a leƙa bayan diskin. Akwai wani siririn farantin ƙarfe da ke kare shi daga ruwa da taɓo. Yakan lanƙwashe ya riƙa gugar faifan yana ƙara, kuma yaran gareji da yawa maimakon su miƙar da shi sai su ciro shi su jefar, wai ba ya aikin komai. A rani ba za ka ga bambanci ba. A marka za ka gani.

Na uku, fad ɗin da ka sa. Sabo ne, amma wane iri? Araha ba ta ado. Fad mai arha yakan yi tauri da sheƙi kamar gilashi idan ya sha zafi, irin wannan kuwa shi ya fi daɗewa kafin ya kama jiƙaƙƙen ƙarfe. A ciro shi a duba fuskarsa a rana. Idan tana ƙyalli, a goge da samfefa a kan shimfiɗaɗɗen abu mai tauri, ko a canza. A duba faifan shi ma: idan farce yana maƙalewa a cikin layukan da suka zagaye shi, ko gefensa ya yi baki mai tudu, sabon fad ba zai kwanta a kansa duka ba. A jikin kowane diski an buga mafi ƙarancin kaurin da aka yarda da shi, kusa da haruffan MIN TH. A auna, kada a kimanta da ido. Sabon fad kuma yana son a zaunar da shi: a hanya marar cunkoso, a rage gudu daga 60 zuwa 10 sau takwas ko goma da matsakaicin ƙarfi ba tare da an tsaya gaba ɗaya ba, sannan a yi ɗan tafiya ya huce.

Tambaya daga wata Hajiya a Barnawa: Muna dawowa daga Abuja ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, wajen Kateri sai na ji sitiyari ya yi sakayau a hannuna, na taka birki motar ta ci gaba da sulalewa kamar kwalekwale. Allah ya kiyaye. An duba birkin an ce ba abin da ya same shi. Tayoyina 'yan Beljiyam ne amma ba su fashe ba.

Amsa: Hajiya, barka da arziki. Waɗanda suka duba birkin sun faɗa miki gaskiya. Birki taya yake tsayarwa, taya ce ke tsayar da mota, a wannan lokacin kuwa tayoyinki ba sa taɓa kwalta. Abin da kowace taya ke takawa a ƙasa bai fi tafin hannu ba. Zanen da ke jikinta magudanan ruwa ne: aikinsu su kwashe ruwan da ke gaban wannan tafin hannun su fitar da shi gefe da baya. Idan ruwan ya fi ƙarfin magudanan, ko don zanen ya cinye, ko don gudu ya yi yawa, ko don ruwan ya yi zurfi, sai ya taru a gaba ya ɗaga tayar. Alamarsa ita ce wadda kika faɗa, sitiyari ya yi sakayau. A motar da tayoyin gaba ke ja, za ki kuma ji inji ya ɗaga murya ba tare da kin ƙara totur ba. Da cinyayyar taya wannan na iya faruwa tun daga wajen 70 ko 80.

Idan ya sake faruwa, Allah ya sawwaƙe, ki ɗage ƙafa daga totur a hankali, ki riƙe sitiyari a miƙe da hannu biyu, kada ki danna birki, kada ki fizge. Cikin sakan ɗaya ko biyu gudun zai ragu taya ta koma ƙasa. Haɗarin shi ne ta koma ƙasa a karkace ko a kulle, nan ne mota ke juyawa.

Yanzu ga tayoyin. Rashin fashewa ba shi ne lafiyar taya ba. Sabuwa tana zuwa da zane mai zurfin kusan milimita 8. A cikin manyan layukan zanen akwai wasu ƙananan gadoji na roba masu tsayin milimita 1.6, idan fuskar tayar ta yi daidai da su, ta gama aiki. Mu dai a damina ba ma son a kai can, a milimita 3 ya kamata a canza, domin daga nan ne tsayawa a jiƙaƙƙen titi ke lalacewa da sauri. Ki sa kan ashana a cikin layin: idan kan yana leƙowa waje, lokaci ya yi. Ki gwada gefen ciki da tsakiya da gefen waje, don taya takan cinye ta ciki inda ido ba ya kaiwa.

Sai shekaru. A gefen taya, bayan haruffan DOT, akwai lambobi huɗu a ƙarshe: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Roba tana taurara da tsufa, zafinmu kuma yana gaggauta hakan, tsohuwar roba kuwa ko da zanenta da sauransa ba ta riƙe jiƙaƙƙen kwalta. Ki lura da abu biyu a wurin masu taya 'yar Beljiyam. Akwai tayar da aka yi don ƙanƙarar Turai, za ki ga hoton dutse mai kai uku da ɗigon ƙanƙara a gefenta. Robarta laushi gare ta, ba don titin Kaduna aka yi ta ba. Akwai kuma wadda ta riga ta zama sanƙo aka sassaƙa mata sabon zane da ƙarfe mai zafi. Ki duba cikin layin: idan babu waɗannan ƙananan gadojin, ko gefen layin ba santsi, ki bar musu kayansu.

Idan kuɗin biyu kawai ake da shi, sabbin a baya ake sa su, ko da tayoyin gaba ne ke jan motar. Mutane da yawa suna ganin wannan juyin waina ne, amma gaba idan ya zame direba yana ji a hannunsa ya rage gudu, baya kuwa idan ya zame motar juyawa take yi.

Tambaya daga wani direban haya a tashar Kawo: Manyanmu a tasha suna cewa idan damina ta zo a rage wa taya iska don ta fi kama ƙasa. Gaskiya ne? Kuma wane gudu ne daidai idan ana ruwa?

Amsa: Malam direba, da girmamawa ga manya, wannan dabarar yashi ce, ba ta ruwa ba. Taya mai ƙarancin iska tsakiyarta lotsawa take yi ciki, layukan zanen su tsuke, ruwa ya samu wurin zama a ƙarƙashinta, sai ta fi saurin tashi a kan ruwa. Ga zafi da take ɗauka idan an yi lodi. Cika iskar fiye da kima shi ma ba gwaninta ba ne, ko da yake masu faci da yawa sun saba ɗura 45 ko 50 ga kowace mota, ba ruwansu da irinta. Adadin da ya dace yana rubuce a wata takarda a jikin ƙofar direba ko a murfin tankin mai, da na mota ba kaya da na cikakken lodi. A yawancin ƙananan motoci tsakanin 30 ne da 35. Lambar da ke gefen taya iyakar abin da za ta iya ɗauka ce, ba abin da za a sa ba. A auna da safe kafin taya ta yi zafi.

Batun gudu kuwa lissafi ne. Nisan tsayawa ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da gudu. Idan ka ninka gudu biyu, nisan ninkuwa yake yi huɗu. Ɗauki mota mai matsakaiciyar taya. A busasshen kwalta, a kan 100, tana bukatar kimanin mita 55 daga lokacin da birki ya kama. A jiƙaƙƙe tana iya cin kusan mita 100, wato kusan tsawon filin ƙwallo. A kan 120 a jiƙaƙƙe, wajen mita 140. A kan 80, mita sittin da 'yan kai. Duk wannan ba mu sa tafiyar da motar ke yi kafin ƙafarka ta bar totur ta kai birki ba. Tsakanin 120 da 80 ke nan akwai fiye da mita saba'in, a tafiyar Zariya kuwa abin da za ka yi asara bai fi minti ashirin ba.

Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa ta ƙayyade 100 ga motocin gida a babbar hanya mai hannu biyu, 90 ga tasi da bas. Wannan iyaka ce ta lafiyayyen yanayi. Idan waifa tana kan matakinta na biyu, 70 zuwa 80 ya ishe ka, idan kuma ba ka ganin fitilun motar gaba sosai, ka nemi gidan mai ka shiga, kada ka tsaya a kafaɗar titi. Tazara kuma da ƙirga ake yinta: motar gabanka ta wuce wani turke ko allo, ka ƙirga sakan uku a rani, shida a ruwa, kafin kai ma ka isa wurin. Motar da ta ɗauki mutum bakwai da buhuna a but ta ƙara a kan haka.

Abu biyu da direban hanya ya sani amma yakan manta. Yayyafin farko bayan kwanaki ba ruwa ya fi ruwa mai ƙarfi santsi, don yana tayar da gas da baƙin man da manyan motoci suka ɗiga ya cakuɗa su da ƙura, bai kuma kai ya wanke su ba. Sannan a tsohon kwalta, inda tayoyin tireloli suka yi kwari biyu a hannun dama, nan ruwa ke kwanciya; ka ɗan goce kaɗan tayoyinka su hau tudun.

Tambaya daga wani ma'aikaci a Kakuri: Idan na taka birki da ƙarfi a ruwa sai feda ta riƙa karkarwa tana gurnani a ƙarƙashin ƙafata, sai in saki don tsoro. Wani ya ce in cire fiyus ɗin ABS in huta.

Amsa: Kada ka cire, kuma kada ka saki. Wannan karkarwar ita ce ABS, wato tsarin hana taya kullewa, tana aiki: na'urar da ke kowace taya ta ga ɗaya na shirin kullewa, sai famfon ABS ɗin ya riƙa sakin birkin yana kamawa sau da yawa a cikin sakan guda, abin da ƙafar mutum ba za ta iya ba. Amfaninta shi ne taya ta ci gaba da juyawa, don kullalliyar taya ba ta jin sitiyari. Ka danna da ƙarfi, ka riƙe, ka kauce wa abin da ke gabanka. Famfa birki, taka-saki taka-saki, na motar da ba ta da ABS ne, kamar tsofaffin Peugeot 504. A can ma ba famfawa da ka ake yi ba, ana dannawa ne har gab da kullewa, idan ta kulle a ɗan sassauta.

Amma karkarwar saƙo ne: tayoyinka sun kai ƙarshen riƙonsu. Idan tana zuwa da taka kaɗan, ka koma kan amsar da muka ba Hajiya. Ka kuma lura da fitilar ABS idan ka murɗa makulli. Ya kamata ta kama na 'yan sakanni ta mutu. Idan ta zauna a kunne, na'urar ta daina aiki, sau da yawa wayar da ke zuwa taya ce ta tsinke ko taɓo ya toshe bakinta. Idan kuwa ba ta kamawa sam, akwai alamar an cire ƙwan ko an liƙe shi kafin a sayar da motar.

Tambaya daga wani matashi a Tudun Wada: An ce man birki yana shan ruwa. Ruwan sama ne ke shiga? Tun da na sayi motar shekara huɗu ƙari kawai nake yi.

Amsa: Ba ruwan sama ne ke zuba ciki ba, laimar iska yake tsotsa a hankali ta murfin kwalbar da jikin tiyo, damina kuwa ita ce lokacin laima. Sabon man birki irin wanda ake kira DOT 4 ba ya tafasa sai a digiri 230 ko fiye. Idan ya sha ruwa kamar kashi uku da rabi cikin ɗari, ma'aunin yana saukowa wajen 155. Na DOT 3 daga 205 yake sauka zuwa 140. Idan birki ya yi zafi, a gangara ko da lodi, ruwan ya zama tururi, tururi kuwa matsuwa yake yi, sai feda ta yi laushi ta tafi ƙasa. Ka ga bambancinsa da matsalar Alhaji: shi fedarsa da tauri, taka fedar kuwa laushi za ta yi. Ruwan kuma yana sa tsatsa a cikin kalifa, wato ƙarfen da ke riƙe fad yana matse diski, da famfon ABS.

Ƙari ba ya fitar da tsohon. Duk shekara biyu a zubar da shi duka a sa sabo. Lita ɗaya tana isar yawancin ƙananan motoci. A yawancinsu ana fara bilidin, wato fitar da tsohon mai da iska, daga tayar da ta fi nisa da masta, wato ta baya hannun dama, ana zuba sabo a sama kada kwalbar ta ƙafe, har sai mai garau ya fito a kowace taya. Ka sayi irin da aka rubuta a murfin, a kwalba mai hatimi, ba wanda aka ɗura a gorar ruwa ba. DOT 5 daban yake, ba a haɗa shi da sauran. Man giya ko na sitiyari kuwa, ko cokali ɗaya ya shiga, robobin birki kumbura suke yi. Kuma idan kana yawan ƙari, ka nemi dalili: ko fad ya cinye, ko akwai inda yake yoyo.

Tambaya daga wata malamar makaranta a Rigasa: Bayan na ratsa ruwan da ke taruwa a unguwarmu, idan na hau babban titi na taka birki motar tana ja gefe ɗaya. Da safe kuma tana ƙara kamar ana niƙa.

Amsa: Malama, ƙarar safe tsatsar dare ce a fuskar diski, taka biyu ko uku take gogewa, idan ta wuce haka, a duba kaurin fad, a milimita 3 ake canza shi, kuma na dama da na hagu tare. Jan gefe bayan ratsa ruwa kuwa gefe ɗaya ne ya bushe kafin ɗayan, musamman idan birkin bayanki durom ne, wato rufaffen birki mai kama da kwano, wanda ke riƙe ruwa da taɓo a cikinsa. Da kin fito daga ruwan, kafin ki hau titi, ki yi tafiya a kan 20 ko 30 kina taka birki a hankali sau biyar ko shida har ki ji ya dawo daidai.

Idan yana ja ko a bushe, to fin ɗin da kalifa ke zamewa a kansa ne ya cije: robar da ke rufe shi ta yage, ruwa ya shiga ya yi tsatsa. Bayan tafiya ki kara hannu kusa da rim ɗin dama da na hagu ba tare da kin taɓa ba. Wanda ya fi zafi sosai, ko wanda ya yi sanyi ƙalau, a buɗe shi. A wanke fin ɗin, a sa sabuwar roba, a shafa giris na birki, ba baƙin giris na boris ba, wanda ke cinye robar. Ranar da kika ratsa ruwa mai zurfi kuma, idan wurin ajiyar motar shimfiɗaɗɗe ne, ki bar ta a giya ki sa dutse a taya maimakon jan birkin hannu, don lainin birki, wato fad ɗin cikin durom, da ya kwana a jiƙe yakan manne da durom.